Inda Magana Take a Kaina

Shekara hamsin da ɗaya na yi ina haƙa rijiya. Sau uku ƙasa tana rufe ni, sau uku ina fitowa da ƙafata. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma ba a taɓa yin taron da na buɗe baki wani ya ci gaba da surutu ba. To wannan mutumin ne aka rubuta wa takarda a asibiti, aka buga mata hatimi, wai bai gane abin da ake faɗa masa ba.

Abin ya faro daga hannuna. Ina zaune a ƙofar gida ina ba maƙwabta labari, sai hannun hagu ya kama rawa shi kaɗai, bakina ya karkace, maganar ta tsaya mini a wuya kamar guga ya maƙale. Ban fi minti biyu a haka ba, amma a cikin minti biyun nan na ji tsoron da ban ji ba a ƙarƙashin ƙasa. Babban ɗana, wanda nake kira Akawu saboda aikin ofis da yake yi, shi ya kwashe ni zuwa asibiti. Aka ɗauki hoton kaina, aka tura mu wurin likitan tiyata, wani dogo mai siraran yatsu kamar na tela. Ya ce ƙari ne ya fito a ƙwaƙwalwata, gefen dama, saman kunne, girmansa kamar ƙwan tantabara, kuma sai an cire.

Na ce ya cire. Abu ɗaya na tambaye shi: bakina fa?

Ya ce a wurin yawancin mutane magana a gefen hagu take zaune, ƙarin nawa kuwa yana dama, saboda haka da sauƙi. Sai ya ga na miƙa hannun hagu na ɗauki hulata. Ya tambaya ko ni bahago ne. Na ce tun a tsumma, an doki hannun nan har an gaji. Ya ce to bahagwai wasu nasu yakan sauya gefe, gara a sa ni a inji a gano wurin kafin ya sa wuƙa.

Injin nan rijiya ce a kwance, ba wani abu ba. Aka raba ni da agogo da zobe da makullai, aka kwantar da ni a wani siririn gado, aka tokare kaina ta ko'ina da soso, aka kifa mini wani keji a fuska. Akawu sai zarya yake yana gaya musu wai kada ƙuncin wurin ya firgita ni. Ni! Na ce masa ramin da nake cin abincin rana a ciki ya fi wannan matsi.

Wadda ke kula da aikin mace ce, ta kai arba'in, ba likita ba ce, aikinta lissafin hotunan da injin ya ɗauka. Na sa mata suna Mai Lissafi. Ta ce akwai madubi a saman idona, zan riƙa ganin hotuna. In hoto ya fito, in faɗi sunan abin da amfaninsa a zuciyata, kada in motsa leɓe. Bayan rabin minti hotuna za su ɗauke, ɗigo ɗaya zai fito, a nan sai in huta, kada in yi tunanin komai. Haka za a yi ta yi har sau goma.

Aka tura ni ciki, injin ya kama ƙara kamar maƙera goma sun haɗu a ɗaki ɗaya. Hoto na farko kofi. Na biyu kare. Na uku takalmi. Na huɗu tsani. Mutum mai jikoki ashirin da uku ake tambaya amfanin takalmi. Na dai daure, na ce kofi sha, kare gadi, takalmi tafiya, na wuce wurin. Da ɗigon nan ya fito kuwa, sai na samu fili. Na fara da wanda ya zaɓi hotunan, na wanke shi tas a zuciyata. Na shirya jawabin da zan yi wa likita. Na koma kan wani tsohon abokin sana'a da ya taɓa cewa rijiyata ta karkace, na ba shi amsar da ban samu ba shi ba kafin ya rasu. Ina tsaka da shi kofi ya dawo, na ce sha, na jira ɗigo, na ci gaba daga inda na tsaya. Na fito ina jin na yi aiki mai kyau.

Kwana uku muka koma ofishin likita. Ya kunna allo ya nuna mana kan wani mutum, an ɓoye sunansa: toka-toka, amma a gefen hagu ga wuta ja da rawaya kamar garwashi. Ya ce nan maganarsa take. Ya danna, nawa ya fito. Toka daga goshi har ƙeya. Ko ƙyalli babu.

Daga nan ya daina kallona. Ya juya ga Akawu, suka shiga magana a kaina kamar buhu aka ajiye a kujera. Ya ce tunda taswirar maganata ba ta fito ba, zai bi abin da aka fi samu. Ko a cikin bahagwai, bakwai cikin goma tasu a hagu take. Zai yanke ƙarin da faɗi don kada ya dawo. Ya sa ranar Litinin. Akawu yana ta gyaɗa kai yana godiya. Na ce bakwai cikin goma, to ukun fa, 'ya'yan wa ne? Likita ya yi murmushin da ake yi wa yaro, ya miƙa wa Akawu takarda.

A mota na ce ya karanta mini. Ya fara kame-kame. Na ce ko ya karanta ko in sauka in ba direban babbar mota ya karanta. Ya karanta da ƙaramar murya: mara lafiya bai iya bin umarni ba, ana zaton ruɗewar tsufa.

Ban ce masa uffan ba har gida, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rijiya saba'in da huɗu na haƙa, ina iya lissafa su a jere da zurfin kowace da irin ƙasar da na tarar. Na san wadda ruwanta ke da zartsi, na san wadda aka yi rikicin gado a kanta. Wai ni ne na ruɗe a kan kofi. Kuma da wannan ƙaryar za a buɗe mini kai a yanka bisa ƙaddarar kan wasu mutane da ban taɓa gani ba.

Washegari da safe na tafi asibitin ni kaɗai. Ɗakin Mai Lissafi yana can ƙarshen baranda, bayan inda ake ajiye kekunan marasa lafiya. Ba taga, allo uku a tebur, da wata shuka a gwangwani da ta kusa mutuwa. Na shiga ban jira izini ba, na ce 'yata, ke kika rubuta cewa na ruɗe?

Ta miƙe ta ba ni kujerarta. Ta ce abin da ta rubuta shi ne lissafi bai nuna komai ba. Sauran wani ƙaramin likita ne ya ƙara, kuma ko ganina bai yi ba. Na ce to injinku ne makaho. Ta ce injin ba ya ganin tunani tun asali, jini yake gani. Duk inda ƙwaƙwalwa ke aiki jini yakan ƙaru a wurin kaɗan. Injin yana ɗaukar hoton kai gaba ɗaya duk bayan daƙiƙa biyu, ita kuma ta yanyanka hoton ƙananan akwatuna dubbai, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. A kowane akwati sai ta auna jinin lokacin hotuna, ta auna na lokacin hutu, ta ɗebe wannan daga wancan. Inda ragowar ta yi yawan da ba za a ce dace ba ne, nan take shafa wa launi.

Na ce wannan ai tsohon aiki ne. Haka muke gane ƙarfin idon ruwa: ka auna da igiya kafin a ɗiba, ka auna bayan an ɗiba. Ta ce Baba, da ka zo ka koyar da ɗalibaina.

Muna haka Akawu ya faɗo ɗakin yana haki, an gaya masa na fita. Da ya ji bayanin launi, sai ya roƙe ta ta sassauta ma'aunin ko kaɗan ne, ko wani abu zai fito, hankalin Baba ya kwanta. Ba ta yi masa musu ba. Ta ja wani abu a allo, sai ja ya fara tsirowa a kaina kamar ƙyanda: a goshi, a ido, a ƙashi, har da waje, cikin iska, inda babu kai sam. Ta ce in ta sassauta haka, ko kan mataccen kifi aka sa a injin zai nuna yana tunani. Ta tambaye shi wanne daga ciki yake so likita ya kauce wa. Ta mayar da ma'aunin inda yake, kaina ya koma toka. Na ji haushin tokar, amma daga ranar na san matar nan ba ta sayar da ƙarya.

Sai ta sake duba allon. Ta ce bari ta juya lissafin, ta ɗebe aiki daga hutu. Ta danna, wani shuɗi-shuɗi ya bayyana can gefe, mara ƙarfi. Ta juyo ta dube ni da kyau.

"Baba, lokacin da ɗigon nan ya fito, me kake yi?"

"Hutawa, kamar yadda kika ce."

"Yaya hutun naka yake?"

Na gaya mata. Ban rage komai ba, har abin da na ce a kan wanda ya zaɓi hotunan. Ta ce ita ce ta zaɓa. Na ce to kin ji yanzu. Ta dafe kai tana dariya har da hawaye, Akawu kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ta nutsu ta ce ga matsalar: ta ɗebe magana daga magana, me zai rage? Har ma na hutun ta fi ta aikin yawa. Na ce ashe rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Kwana huɗu ana yawo da takardar ruɗewata, babu mahalukin da ya yi mini wannan tambayar guda ɗaya. Ta daina dariya. Ta ce gaskiya ne, ita ya kamata ta tambaya tun ranar da na fito.

Akawu ya ce to a ba likita shuɗin mana. Ta ce a'a. Ba ta san daidai lokacin da na fara da lokacin da na tsaya ba, fushi ma ya shiga ciki, tuna baya ya shiga. Ba a sa wuƙa bisa zato. Sai an sake, kuma sai na yi shiru na gaske. Na ce 'yata, tun da uwata ta haife ni cikina bai taɓa yin shiru ba. In ka ce wa mutum kada ya yi tunanin komai, ka ba shi abin tunani ke nan. Ta ce in duba dai, a duk rayuwata babu inda maganar zuci ke ɗaukewa? Salla? Na ce akwai karatu a ciki. Barci? Na ce matata, Allah ya jiƙanta, ta ce har a nan ina gardama.

Na jima ina lalube kafin na tuna. A ƙasan rijiya, in an wuce jar ƙasa an shiga yashi, akwai wani sauti da bango ke yi kafin ya zubo. Siriri ne, kamar an tsiyaya gishiri a takarda. Wanda ya ji shi ya ja igiya, ya rayu. Wanda ke surutu, ko da a zuci ne, ba ya ji. A nan ba ni da baki, kunne ne ni gaba ɗaya. Waɗanda ba su iya wannan ba na yi musu salla da yawa.

Ta ɗauki biro ta fara rubutu tun ban gama ba. Ta ce akwai masu yin haka dama: maimakon hutu a ba mutum aikin kunne da babu kalma a ciki. Za ta sa mini sautuka a kunne, ta ɓoye wani siriri a cikinsu, in na ji in danna maɓalli. Sai dai injin a cike yake har mako biyu, kuma sai likita ya yarda ya ɗaga Litinin.

Na ce wannan ki bar mini.

Likita yana fitowa daga zagayen marasa lafiya na tare shi a baranda, ɗalibansa na biye da shi. Ya ce ƙarin ba ya jira, kuma ɗana ya riga ya amince. Na ɗaga masa babban yatsana na hagu. Na ce takardar tiyata da wannan ake dangwala mata, kuma a jikina yake, ba a jikin ɗana ba. Na ce ni ban taɓa sa diga a fili don maƙwabci ya samu ruwa a nasa ba. Kowace ƙasa sai na gwada ta. In shi yana haƙa bisa labarin filin wasu, ya nemi wani kan. Ɗaya daga ɗaliban ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Likita ya dubi Mai Lissafi, ta gaya masa abin da ta gano a taƙaice. Ya ce Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, kafin layi ya fara.

Ranar Alhamis na sake shiga. Hotunan dai su ne, amma ta ce kada in tsaya a suna, in faɗi duk abin da na sani a kan abin. Na ba tsani haƙƙinsa. Da hotuna suka ɗauke, sautuka suka fara, ga ƙarar maƙeran nan a sama, ni kuwa na sauka ƙasa. Na manta da likita, na manta da takarda. Can sai ga shi, siriri. Na danna. Sau arba'in ta ɓoye shi, sau arba'in na kama. Ta ce ko matasa ba su yin haka. Ta ce kuma takan zubar da duk hoton da mutum ya motsa kai a cikinsa, amma nawa ko ɗaya ba ta zubar ba, motsina bai kai kaurin farce ba. Na ce wanda ya kwana biyu ƙasa na danne da ƙirjinsa ya san zama wuri ɗaya.

Da muka taru a ofis, ita ta kunna allon da kanta. Wuta ce ja wur, har da rawaya a tsakiya, ta fi ta mutumin nan da aka nuna mini. A hagu ɗan ƙyalli ne kawai. Garwashin duk yana dama, ya jingina da ƙarin kamar an gina su tare. Likita ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ɗora yatsa a kan layin da ya yi niyyar bi, layin ya ratsa tsakiyar jan. Bai ba ni haƙuri ba, manya ba su iya ba. Amma daga lokacin ni yake kallo in zai yi magana.

Ya ce hanya biyu ce. Ya cire duka, ƙarin ba zai dawo da wuri ba, amma da wuya in sake haɗa kalma biyu. Ko ya bar ɗan ɓangaren da ya manne da jan, in tsira da bakina, ragowar kuma ta ci gaba da girma a hankali. Shekara nawa, bai sani ba. Ƙila biyar, ƙila ƙasa da haka.

Akawu ya riga ni. Shi dai a cire duka. Ya ce, "Baba, gara in riƙa ganinka a zaune ko ba ka ce komai ba."

Na ce, "Ka ga tulu ke nan a zaune, ba ubanka ba." Na ga maganar ta soke shi, sai na sassauta. Na ce ya yi haƙuri. Minti biyu na ɗanɗana a ƙofar gida, na san abin da ake sayar mini. Na ce a bar ɓangaren da ya manne da jan, na miƙa yatsa aka kawo tawada.

An yi tiyata. Likita ya gargaɗe ni cewa wurin zai kumbura, magana za ta iya ɗaukewa na ɗan lokaci, amma jin gargaɗi daban, kwanciya a cikinsa daban. Kwana tara ina buɗe baki iska ke fita. Kalmomin suna nan cike da cikina, ƙofa ce a rufe. Akawu ya ɗauki hutu ya tare a gefen gadona. Ba ya cewa na gaya maka, amma ina ganinta a idonsa, ni kuma ba halin in ba shi amsa. A kwana na bakwai na fara tunanin ko taswirar ma ƙarya ce.

Rana ta goma wani surukinmu ya zo dubiya, mai shagon kayan gini, mutumin da bai taɓa gama labari a gabana ba. Ya ajiye ledar lemo, ya tsaya a kaina yana girgiza kai, ya juya ga Akawu ya rage murya.

"Yana ma gane mutane kuwa?"

Wani abu ya taso mini daga ciki ya bugi ƙofar nan. Muryar ta fito a shaƙe, kalma ɗaya-ɗaya, kamar ana jawo ta da igiya.

"Ka... tambaye... ni. Ga ni."

Ledar da ya ajiye ya sake ɗauka don ruɗewa. Akawu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya tashi ya gyara mini matashi, kuma ya ja wa surukin kujera, don akwai maganar kwana tara da ban yi ba.